Minshari da Ɗaukewar Numfashi a Barci: Alamomi, Gwaji da Matsalar Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa abin da al'umma ba ta raɗa wa suna ba, da wuya ta ɗauke shi da muhimmanci, ko da kuwa tana kwana tana tashi da shi. Wannan magana ta fi fitowa fili a fagen lafiya, domin majinyaci da bakinsa yake kai kuka wurin likita, kuma iyakar kalmomin da yake da su, iyakar bayanin da zai iya yi ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan wani ciwo da ya yawaita cikin jama'a amma bai sami tsayayyen suna a bakin Bahaushe ba, wato ciwon da ke sa numfashin mutum ya riƙa ɗaukewa yana dawowa alhali yana barci. Likitoci suna kiransa da wata kalma mai asali daga Girkanci, wadda Bahaushe zai furta afniya, ma'anarta kuwa rashin numfashi. Za a duba yadda ciwon yake faruwa, da alamominsa, da hanyoyin gwada shi, daga bisani a kawo shawara a kan sunan da ya dace da shi. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, kalmar minshari ta haɗe abubuwa biyu wuri ɗaya: na farko illarsa ba ta cika wuce damun abokin kwana ba, na biyu kuwa yana iya kai mutum ga hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki ko haɗarin mota. Rarrabe su aiki ne da ya shafi masanin harshe kamar yadda ya shafi likita.

2.0 Barci da Minshari a Bakin Bahaushe

Hausa ba ta da talaucin kalmomin barci. Akwai hamma, da gyangyaɗi, da angaje, da ƙailula, da magagi, da mafarki, da dannau. Ƙarar da mai barci ke yi kuwa ana kiranta minshari ko munshari, wasu kuma su ce hansari ko nasari. Sai dai idan aka lura da yadda ake amfani da kalmar, za a ga cewa ba a cika danganta ta da rashin lafiya ba. Idan aka ce wane ya shari barci har da minshari, abin da ake nufi shi ne ya sami hutu da kwanciyar hankali. Idan kuma aka ambaci minsharin wani a gabansa, to, galibi zolaya ce irin ta abokan wasa ko ta jika da kaka. Har ila yau, ƙiba da kaurin wuya, waɗanda su ne kan gaba wajen jawo ciwon da muke magana a kai, mutane da dama suna kallonsu a matsayin alamar wadata da jin daɗi. Ke nan harshe da al'ada sun haɗu sun lulluɓe ciwon da rigar lafiya.

Ba abin mamaki ba ne a rasa sunan wannan ciwo a ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949, domin a lokacin su kansu likitocin Turai ba su gano shi ba. Marubucin Ingila Charles Dickens ya siffanta wani yaro mai ƙiba da yawan barci, mai suna Joe, a littafinsa The Pickwick Papers da ya fito tsakanin 1836 da 1837, kuma a 1956 Burwell da abokan aikinsa suka aro sunan littafin suka laƙaba wa wani majinyaci mai irin wannan hali. Sai a 1965 ne Gastaut a Faransa, da Jung da Kuhlo a Jamus, suka nuna da na'ura cewa numfashin irin waɗannan mutane yana tsayawa ne a cikin barci. A 1976 Guilleminault da Tilkian da Dement na Jami'ar Stanford a Amurka suka fitar da bayanin da ya tabbatar da shi a matsayin ciwo mai zaman kansa.

3.0 Yadda Ciwon Yake Faruwa

Duk wanda ya karanta ilimin furuci ba zai sha wahalar fahimtar wannan ciwo ba, saboda gaɓoɓin da ke jawo shi su ne gaɓoɓin furucin da muke koyar da ɗalibai, wato hanɗa da beli da doron harshe da tushensa da kuma bangon maƙoshi. Hanyar iska a wannan wuri ba ta da ƙashi ko guringuntsin da zai tokare ta. Tsokoki ne kawai ke riƙe da ita a buɗe. Idan mutum ya yi barci sai tsokokin su saki, hanyar ta tsuke. Iskar da ake shaƙa takan kaɗa hanɗa da beli, kwatankwacin yadda iska ke kaɗa tsinin harshe wajen furta ra-gare, sai dai shi minshari galibi da iska mai shiga ake yinsa. Wannan shi ne minshari tsantsa.

Idan tsukewar ta tsananta har iskar da ke wucewa ta ragu ainun, to, an sami abin da za a iya kwatanta shi da zuzau. Idan kuwa gaɓoɓin suka haɗe suka rufe hanyar ruf, to, an sami tsayau, amma tsayau ne da ba a sakinsa da wuri. A ƙa'idar likitoci, idan iska ta tsaya na sakan 10 ko fiye, an sami ɗaukewar numfashi sau ɗaya. Idan kuma ta ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye na tsawon wannan lokaci, tare da raguwar iskar oksijin a jini ko ɗan farkawa, an sami raunin numfashi sau ɗaya. A lokacin da hanyar ke rufe, ƙirji da ciki suna ta fafutukar jan iska a banza, oksijin yana raguwa a jini, har ƙwaƙwalwa ta farga ta ɗan tayar da mai barcin. Nan take tsokoki su ɗame, hanya ta buɗe da wani gurnani mai ƙarfi, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sa'an nan barci ya sake ɗaukarsa, al'amarin ya koma farko. Wannan na iya faruwa sau ɗaruruwa a dare guda, kuma da safe mutum ba ya tuna ko ɗaya.

Wannan nau'i na toshewar hanya shi ya fi yawa. Akwai nau'i na biyu inda hanya a buɗe take, amma ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin aika umarnin numfashi. An fi samunsa ga masu gazawar zuciya, da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki, da masu yawan shan magunguna dangin kodin da tiramol.

Dangane da yawan masu ciwon, binciken da Terry Young da abokan aikinta suka buga a 1993 a kan ma'aikatan Jihar Wisconsin ta Amurka, 'yan shekara 30 zuwa 60, ya nuna cewa kashi 24 cikin 100 na maza da kashi 9 na mata suna samun ɗaukewa ko rauni sau 5 ko fiye a kowace awa. Wani ƙiyasi na duniya baki ɗaya da Benjafield da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya ce mutum miliyan 936, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da ciwon, miliyan 425 daga cikinsu nasu matsakaici ne ko mai tsanani, kuma ya sanya Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

4.0 Alamomin Ciwon

4.1 Alamomin Dare

Babbar alama ita ce minshari mai ƙarfi wanda ke yankewa, a ji shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo da gurnani ko shaƙewa kamar mutum ya ƙware. Shirun nan shi ne abin tsoro, ko da yake mai sauraro yakan ɗauke shi a matsayin sauƙi. Sauran alamomin sun haɗa da firgita daga barci da jin an shaƙe wuya, da yawan juye-juye, da gumi, da tashi fitsari sau da dama, abin da akan ɗora wa ciwon sukari ko tsufa kaɗai.

4.2 Alamomin Rana

Mai wannan ciwo yakan kwanta awa bakwai ko takwas amma ya tashi kamar bai runtsa ba, da bushewar baki da ciwon kai na safe. Yakan yi gyangyaɗi a wurin taro, ko lokacin huɗubar Juma'a, ko yana tsakar hira, ko ma yana tuƙi. Akan kuma sami mantuwa, da saurin fushi, da raguwar sha'awar iyali. Hawan jinin da ya ƙi sauka duk da shan magani iri uku, shi ma dalili ne babba na zargin ciwon.

4.3 Waɗanda Suka Fi Kamuwa

Ciwon ya fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda suka manyanta. Amma siriri ma yana iya kamuwa idan haɓarsa ƙarama ce ko ta ja baya, ko hancinsa na yawan toshewa. Barasa da ƙwayoyin sa barci da kwanciyar rigingine suna tsananta shi. Mata sukan fi kamuwa bayan sun daina jinin al'ada, kuma kukansu sau da yawa rashin barci ne da kasala, shi ya sa akan yi jinkirin gano nasu. Ga yara kuwa, yawanci kumburin ƙulluwan maƙogwaro da ake kira tonsil ne da tsokar bayan hanci ke jawo shi, alamominsa kuma su ne barci da baki buɗe, da fitsarin kwance, da rashin natsuwa a aji. Yara masu sikila sun fi sauran yara haɗuwa da shi. Ya kamata a lura cewa cire beli da wanzamai ke yi wa jarirai ba ya hana wannan ciwo, domin toshewar ta shafi hanɗa da tushen harshe da bangon maƙoshi gaba ɗaya.

5.0 Matsalar Shaida

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan ciwo ya saɓa wa karin maganar, domin mai shi ne na ƙarshe da zai sani. Shaidarsa tana bakin wanda yake kwana kusa da shi. A nan ne kunya ke shigowa: ba kowace mace ce za ta iya duban mai gidanta ta ce masa yana minshari ba, balle ta faɗa a gaban likita. A gidan da mata ke karɓar girki bi da bi, kowacce na iya ganin abin ta yi shiru, don kada a ce ita ce ta tona. Daɗin daɗawa, akwai dubban mutanen da ke kwana su kaɗai saboda aiki ya raba su da iyali, kamar ma'aikatan da aka tura wata jiha, da 'yan kasuwar unguwannin Sabo na biranen kudu, da direbobin manyan motoci, waɗanda haɗarin gyangyaɗinsu ya fi na kowa.

Mafita ga mai iyali ita ce ya tambayi matarsa da kansa, ya kuma sauƙaƙa mata amsa da tambaya takamaimiya: "Kina jin numfashina yana ɗaukewa idan ina barci?" In da hali ya tafi da ita wurin likita. Mai kwana shi kaɗai kuwa yana iya kunna ma'ajiyar murya ta wayarsa ya ajiye kusa da matashi, da safe ya saurara. Wannan ba ya zama gwaji, amma hujja ce da za ta taimaki likita.

6.0 Hanyoyin Gwaji

6.1 Ganin Likita da Tambayoyin Tantancewa

Mataki na farko shi ne ganin likita a asibiti mafi kusa, wanda zai auna jini da nauyi da kaurin wuya, ya leƙa maƙogwaro da hanci, in ya ga dalili ya tura majinyaci wurin likitan huhu, ko na kunne da hanci da maƙogwaro, ko na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Akwai jerin tambayoyi biyu da aka fi amfani da su. Na farko shi ne STOP-Bang, wanda Frances Chung da abokan aikinta suka fitar a Toronto ta Kanada a 2008. Tambayoyinsa takwas ne, kowacce maki ɗaya: minshari mai ƙarfi, gajiya ko jin barci da rana, ko wani ya ga numfashi na ɗaukewa, hawan jini, ma'aunin ƙiba da ya haura 35, shekaru sama da 50, kaurin wuya na kimanin santimita 40 ko fiye, da kasancewa namiji. Ana samun ma'aunin ƙiba ne ta raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Alal misali, mai kilo 100 da tsawon mita 1.65 ma'auninsa ya kusa 37. Maki 0 zuwa 2 haɗari kaɗan ne, 3 zuwa 4 matsakaici, 5 zuwa 8 kuwa babba.

Na biyu shi ne ma'aunin Epworth da Murray Johns ya fitar a Melbon ta Ostareliya a 1991. Yana kawo halaye takwas, kamar zaman karatu, da kallon talabijin, da tafiyar awa guda a mota a matsayin fasinja, mutum ya ba kowanne maki 0 zuwa 3 gwargwadon yiwuwar barci ya sace shi. Jimlar maki 24 ce, abin da ya haura 10 kuwa yana nuna jin barcin ya wuce kima.

A nan akwai aiki ga mai fassara. Kalmar gajiya tana cikin kalmomin gaisuwa, kuma ladabi ya koya wa Bahaushe ya amsa "ina gajiya?" da "ba gajiya", kamar yadda yake amsa "ina kwana?" da "lafiya lau" ko da bai runtsa ba. Likitan da ya tambayi dattijo "Baba, kana gajiya?" yana iya samun amsar gaisuwa a maimakon amsar asibiti. Tambayar da za ta fi fito da gaskiya ita ce: "Baba, barci yakan sace ka da rana ba ka shirya ba?" Waɗannan tambayoyi dai tantancewa kawai suke yi, tabbatar da ciwo sai da na'ura.

6.2 Gwajin Kwana a Asibiti

Cikakken gwaji, wanda likitoci ke kira folisomnogirafi, yana buƙatar mutum ya kwana a ɗaki na musamman. Ana manna masa wayoyi a fatar kai don duba aikin ƙwaƙwalwa da matakan barci, da gefen idanu, da haɓa, da ƙirji don bugun zuciya, da ƙafafu. Ana sa ɗan bututu a ƙofar hanci don auna iska, a ɗaura ɗamara a ƙirji da ciki, a maƙala wa yatsa na'urar auna oksijin. Babu allura, babu zafi. Akan umurci mutum ya guji shayi mai ƙarfi da kofi da goro da ƙailula a ranar, ya kuma faɗi duk magungunan da yake sha. Irin waɗannan ɗakuna ba su da yawa a Nijeriya, kuma a manyan birane aka fi samunsu.

6.3 Gwajin Gida

Akwai ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya kwana da ita a gida, wadda ke auna iska da motsin ƙirji da oksijin. Ta fi araha, kuma ta dace da baligin da alamominsa suka fito fili. Ba ta dace da mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ba. Yawancin irinta ba sa bambance lokacin barci da lokacin da mutum yake kwance ido biyu, don haka sukan rage lissafi. Idan ta ce babu ciwo alhali alamomi na nan, sai a koma ga cikakken gwaji. Haka kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa na'urar yatsa ta fi kasa gano ƙarancin oksijin ga baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata, saboda haka bai kamata a dogara da ita kaɗai ba.

6.4 Fassara Sakamako

Ana haɗa adadin ɗaukewa da na rauni a raba da awoyin barci. Wanda ya sami 180 a cikin awa 6, ƙidayarsa 30 ke nan. Ga baligi, ƙasa da 5 lafiya ne, 5 zuwa 14 ciwo mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Amfanin gwajin shi ne ciwon yana da magani. Tun 1981 Colin Sullivan na Sidni ya ƙirƙiro na'urar da ke hura iska ta hanci a hankali don tokare hanya, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan CPAP. Mai amfani da ita a ƙasarmu sai ya tanadi batir ko wutar sola saboda ɗaukewar lantarki. Akwai kuma rage ƙiba, da kwanciya ta gefe, da abin da ake sawa a baki ya turo haɓa gaba, da tiyata, musamman cire tonsil ga yara. Kafin a sami magani, wajibi ne mai gyangyaɗi ya dakatar da tuƙi.

7.0 Shawara a Kan Suna

Sunan da zai fara zuwa a rai shi ne ciwon barci, amma wannan ya riga ya zama sunan cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Dannau ma bai dace ba, domin shi hali ne da mutum ke farkawa hankalinsa na nan amma ya kasa motsi na ɗan lokaci, kuma kalmar na ɗauke da camfin da zai kai majinyaci wurin da ba na likita ba. Fuka ciwon huhu ce mai zaman kanta. Shaƙewa kan nuna wani abu ne daga waje ya matse wuya. Aron afniya kuwa, ko da yake ya bi tsarin sautin Hausa, ba ya gaya wa mai sauraro komai. Aikatau ɗauke shi ya fi dacewa, kamar yadda waɗannan misalai suka nuna:

(1) Ruwa ya ɗauke.
(2) Wuta ta ɗauke.
(3) Numfashinsa ya ɗauke.

A (1) da (2) akwai ma'anar tsayawar abin da ke gudana gaba ɗaya, tare da sa ran dawowarsa, kuma haka ciwon yake. Gaskiya ne (3) na iya nufin suma ko cikawa, amma ƙara "a barci" yana kawar da wannan ruɗani, nauyin da ya saura a kalmar kuwa alheri ne, tun da zai sa a daina ɗaukar abin da wasa. Bisa tafarkin da aka bi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ana ba da shawarar waɗannan:

(4) ɗaukewar numfashi a barci: sunan ciwon a rubuce
(5) minshari mai ɗaukewa: sunansa a bakin jama'a da gidajen rediyo
(6) raunin numfashi: raguwar iska ba tare da tsayawa ba
(7) ɗaukewa ta toshewa da ɗaukewa ta ƙwaƙwalwa: nau'o'insa biyu
(8) gwajin kwana: cikakken gwajin asibiti
(9) ƙidayar ɗaukewa: adadin da ake samu a kowace awa

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa a cikin abin da Bahaushe ke kira minshari akwai ciwon da ake iya ganewa, a gwada, a kuma yi maganinsa. An ga cewa alamarsa mafi ƙarfi ita ce shirun da ke ratsa minshari, shaidarsa kuma tana hannun abokin kwana, tabbacinsa kuwa sai da gwajin kwana a asibiti ko a gida. Sunayen da aka kawo shawara ce da ke jiran gyaran masana. Abin da ya rage shi ne sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da kwalejojin likitanci wajen fassara tambayoyin tantancewa da gwada fassarar a kan majinyata, a Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunanmu, domin duk matar da ta sami kalmar da za ta ce "Malam, numfashinka na ɗaukewa da dare", ta riga ta buɗe wa mijinta ƙofar asibiti.